Yanzu Zan Dawo

Haɗeja, ranar Alhamis da hantsi.

Zuwa ga 'Yar Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun tashi lafiya, ke da maigidanki da takwarata Uwani. Allah ya sa wannan tafiya taku ta Kano ta zama ta alheri, ya tsare ku a hanya, ya haɗa ku da maƙwabta na kirki.

Na san za ki yi mamaki in ƙanwarki Binta ta miƙo miki takarda daga wurina, alhali tsakanin gidana da naki ko tuwo aka ɗauko ba zai huce a hanya ba. To, kin san halinmu. Ke ce 'yata ta fari, ni kuma an rene ni a kan cewa uwa ba ta haɗa ido da 'yar fari, balle ta zaunar da ita ta yi mata doguwar magana. Shekara ashirin ke nan ban kama sunanki ba. Ina ce miki 'Yar Gwaggo, ke kuma kina ce mini Adda kamar wata yayarki. Abin da bakina ya kasa, bari in gani ko hannuna zai iya. Ki yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, da girmana na koye shi. Ke malama ce, amma don Allah kada ki bi shi da jan biro.

Binta ta gaya mini shirin da kuka yi da dangin mijinki. Ranar Lahadi za ku hau mota zuwa Malam Madori ku kama jirgin ƙasa. Shi zai fara aikin da ya samu, ke kuma an ba ki rabin aji, wato ƙananan nan da ba su isa shiga aji ɗaya ba. Uwani kuwa ni za a bar wa in riƙe, tunda kullum za ki riƙa fita. An ce da safe za a kawo ta gidana, a ba ta alewa, ki ce mata kasuwa za ki je, yanzu za ki dawo, sai ki sulale. Ta yi kukan kwana biyu ta manta. Wai haka ake yi, kowa ma haka aka yi masa.

Ba zan ɓoye miki ba, da na ji za a bar mini ita, yini na yi ina murmushi ni kaɗai. Tun da mahaifinku ya rasu gidan nan ya yi mini girma, ga Binta ma an kusa kai ta ɗakinta. Har na sa an saƙa ƙaramar tabarma, na ware mata 'yar akuyar da aka haifa makon jiya. Ina son yarinyar nan ƙwarai. Na faɗi haka ne don ki san abin da zan rubuta a ƙasa ba daɗi yake yi mini ba.

Bari in fara da kuskuren da na yi wa Binta, don shi ya fi sauƙin faɗa. Kina Auyo wurin gwaggonki a lokacin, ba ki gani ba.

Bayan na yaye ta, tana da wani ɗan ƙoƙo da take shan kunu da shi. Ya tsage a baki, an ɗinke shi, ya yi baƙi don tsufa. A shekarar shinkafa ta yi kyau a fadama, mahaifinku ya sayar, ya kawo mini kwanuka 'yan kanti masu jajayen furanni. Na dubi ƙoƙon nan na ce in baƙi suka zo suka gan shi a hannun 'yata ai na ji kunya. Na wurga shi bayan rumbu, na zuba mata kunu a sabon kwano ina jiran ta yi murna. Ta dubi kwanon, ta dube ni, ta ce, "Koko."

Na ce to, yau koko ake so ba kunu ba. Na yafa mayafi na je gidan mai koko na sayo, na juye a kwanon. Ta ture shi ta ce, "Koko." Na ce, "Ga shi nan a gabanki, ke makauniya ce?" Na zuba sukari, ta ƙi. Na danne ta na yi mata ɗura, ta amayar. Kwana uku ana haka, sai ruwa kawai take karɓa a tafin hannu. Idanunta suka faɗa. Mata suka shigo, wannan ta ce baki ne, waccan ta ce ciwon shawara ne. Aka karɓo rubutu, shi ma a sabon kwanon na zuba, shi ma ta ture.

Rana ta huɗu Ya Gana ta shigo. Kin tuna ta, tsohuwar Babarbariyar nan maƙwabciyarmu mai sayar da turaren wuta, wadda ba ta shiga gidanmu ba tare da ta tsokane ni ba. Ta ji labari. Ta zauna a ƙasa daɓas, ta miƙe ƙafa, har kanta ya yi daidai da na Binta. Ta ce, "Ke 'yar Fulata, ina kokon naki yake? Zo ki nuna mini."

Binta ta kama mata yatsa, tana tangaɗi don yunwa, ta ja ta har bayan rumbu. Ta tsuguna ta ɗauko ƙoƙon nan, duk kaji sun ɓata shi. Aka wanke, aka zuba kokon da ta ƙi tun safe. Ta shanye tas, ta miƙo a ƙara.

Ya Gana ta dube ni ta ce, "Ku Fulani, saniya in ta yi kuka kun san ko ƙishirwa ce ko ɗan maraƙinta take nema. 'Yarki kuwa kwana uku tana gaya miki da Hausa, ba ki ji ba."

Na ce, "Harshenta bai iya faɗin ƙoƙo ba, koko take cewa. Ta ina zan sani?"

Ta ce, "Ƙafarta ai ta iya tafiya. Da kin ce ta kai ki."

Na yi dariya a ranar, amma na ji kunya har cikin raina. Saboda haka ga shawarata ta farko. Yaran da za a tara miki a aji, da yawansu harshensu bai gama nuna ba. Wani zai ƙi zama a inda kika ajiye shi, wata za ta riƙe wani tsumma ta ƙi saki, wani zai yi ta maimaita kalma ɗaya har ki gaji. Kada ki yi saurin cewa taurin kai ne, kada kuma ki yi saurin cewa ciwo ne. Ki sauko ƙasa, ki ce ya nuna miki. In kin tambaya, ki jira amsa. Jiran nan shi ne mai wuya, don mu manya mukan yi tambaya mu kuma ba kanmu amsa tun yaro bai buɗe baki ba.

Amma kada ki zarce, don ni na zarce. Bayan abin ƙoƙon nan sai na koma duk abin da Binta ta nuna da yatsa na ce to. Wata rana da ruwa ya cika, ta ga mata za su wanki bakin kogi, ta ce sai ta bi su. Na bar ta ta bi, na ce ai ita ta zaɓa. Matan suka shagala da hira, ta bi wani ɗan kifi har ƙafarta ta zame. Allah ya sa akwai wani masunci a kan gorarsa ta shiga ruwa kusa, ya cafko ta da riga. Da aka shigo mini da ita tana tari, na rungume ta ban sake ta ba sai bayan la'asar. A nan na gane cewa yaro ya san abin da ransa yake so, amma bai san zurfin ruwa ba, wannan sanin aikin babba ne. Daga ranar sai na koyi ajiye mata abu biyu waɗanda duk wanda ta ɗauka babu cuta: wannan riga ko waccan, wanka yanzu ko bayan kin ci abinci. Ita ta zaɓa, ni kuma hankalina a kwance. Ki gwada haka da 'yan ajinki, za ki ga rigima ta ragu.

To, yanzu na zo kan naki. Na daɗe ina kewaye shi.

A shekarar da aka samu mulkin kai ne, lokacin da 'yan makaranta suke yawo da ƙananan tutoci. Kina da shekara uku da 'yan watanni, daidai Uwani a yau. Manya suka yanke cewa za a ba Gwaggo Dije riƙonki, yayar mahaifinku da take aure a Auyo, wadda Allah bai ba haihuwa ba. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban ga abin tambaya ba, 'yar fari ai ta dangi ce. Ke kuwa ko a mafarki babu wanda ya yi tunanin a tambaye ki.

Ƙarshen damina ne. A zamanin, kafin a datse kogin daga sama, ruwa yakan malale fadama har iyakar ganinka, hanya ta yanke, sai kwalekwale. Har yau in na rufe ido ina ganin tafiyar nan. Shinkafa ta fito da kai saman ruwa, balbelu sun yi fari a kan itatuwa, masunta suna ta kiran juna daga nesa. Kwalekwalen ya cika, babu wurin da za a ajiye ki, dole na ɗora ki a cinyata. Wannan ne karo na farko da na rungume ki a gaban mutane babu mai cewa na yi rashin kunya. Na so a ce Auyo ta ƙara nisa. Kina ta sa hannu a ruwa, kika ga furen bado kika ce kina so. Mai tuƙi ya miƙa sandarsa ya cisgo miki ɗaya. Kika riƙe shi har muka sauka, duk ya yi yaushi.

A ɗakin Gwaggo aka kwance ƙullin kayanki, aka jera rigunanki a kan gadonta. Ina kallonki. Kika tashi kika tattara su, kika ƙulle yadda kika iya, kika ja ƙullin kika ajiye kusa da nawa. Aka sake kwancewa, kika sake ƙullewa. Sai kika zo kika kama bakin zanena kika ce, "Adda, mu tafi gida."

Matan gidan suka yi dariya. Wata ta ce, "Ji wayon yarinya, ta gane." Ni ma na yi dariya tare da su. Kin faɗi abin da kike so da hannu, kin faɗa da baki, babu wani koko ko ƙoƙo a ciki. Na ji sarai, na yi kamar ban ji ba.

Washegari da safe Gwaggo ta miƙo mini tulu, ta yi mini raɗa. Na ɗora shi a ka na ce miki, "Zan je ɗebo ruwa, yanzu zan dawo."

Kika ce, "In zo?"

Na cire ɗankwalin da ke wuyana na ba ki, na ce, "A'a, zauna ki tsare mini wannan."

Kika zauna a dokin ƙofa kika riƙe shi da hannu biyu. Na tafi bakin ruwa, na ajiye tulun wurin wata mata da za ta mayar wa Gwaggo, na shiga kwalekwale. Ban waiwaya ba, don matan da ke ciki sun zuba mini ido su ga ko zan yi abin kunya. Da muka iso Haɗeja har yabona aka yi, wai na cika 'yar mutunci.

Sai bayan wata huɗu Gwaggo ta zo gari ta ba ni labari. Ta ce ba ki yi wani kuka mai yawa ba. Kullum da safe dai sai ki ɗauki ɗankwalin nan ki zauna a ƙofar gida kina fuskantar hanyar ruwa. Duk matar da ta ɓullo da tulu a ka sai ki miƙe tsaye, in ta matso kika ga ba ni ba ce ki koma ki zauna. Haka kika yi ta yi har ruwa ya janye, har aka yanke shinkafa. Rannan kuma sai kika daina. Tana faɗa tana dariya, tana cewa, "Yarinyar nan akwai haƙuri, yanzu ta manta." Na taya ta dariya, sa'an nan na zaga bayan ɗaki na daɗe ban fito ba.

Ba ki manta ba. Da aka dawo da ke kina shekara bakwai don a sa ki makaranta, kika durƙusa kika gaishe ni kamar baƙuwa. Tun daga nan, in na ce miki yanzu zan dawo, ko maƙwabta zan shiga, sai ki ce to, ba ki ko ɗaga kai. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba ki sake roƙona komai ba. In Salla ta zo na shimfiɗa atamfa biyu na ce wacce kike so, sai ki ce, "Duk wadda kika ba ni, Adda." Binta tana birgima a ƙasa a kan sai ja, ke kina tsaye shiru. Mutane suna cewa Allah ya ba ni 'ya mai ladabi. Ni kuwa na san inda ladabin nan ya samo asali. Ni na koya miki, a dokin ƙofar Gwaggo, cewa faɗin abin da kike so ba ya da amfani.

Ba Gwaggo nake zargi ba, Allah ya jiƙanta, ta riƙe ki da zuciya ɗaya, kuma kin so ta. Riƙon ma ban ce laifi ba ne, ya raya zumunci a gidaje da yawa. Tulun nan ne laifina. Da na zaunar da ke na gaya miki gaskiya, da kin yi kuka, wataƙila na kwana bakwai, amma da kin san abin da kike wa kuka. Da ba ki ƙare wata huɗu kina duba fuskar kowace mai ɗebo ruwa ba. Ki yafe mini. Ban taɓa faɗa ba, yau na faɗa.

Yanzu sai in gaya miki abin da na yi jiya, ko da za ki ji haushina. Na ɓata muku shiri.

Binta ta kawo mini Uwani da yamma. Yarinyar tana gindin tsamiya tana tuƙa tuwon ƙasa, ta jingine 'yar tsanarta ta kara tana jiran a gama. Na zauna a ƙasa yadda Ya Gana ta yi, gwiwoyina suna ƙara. Na ce, "Takwara, zo mu yi magana. Mamanki za ta tafi Kano a jirgin ƙasa. Da nisa, ba za ta dawo ba sai Salla. In kina so ki zauna da ni, ga tabarmarki, ga 'yar akuyarki. In kina so ki bi ta, can babu ni, babu akuya, kuma kullum da sassafe za ki bi ta makaranta."

Na san na ɗan taɓa ma'auni da zancen akuyar nan, Allah ya yafe mini.

Ta ci gaba da tuƙin tuwonta. Sau biyu bakina ya buɗe zan ce ai da ni za ki zauna ko, na danne. Can ta ɗago ta ce, "Akuya za ta shiga jirgi?"

Na ce, "A'a."

Ta ce, "Ke fa, Inna?"

Na ce, "Ni ma a'a."

Ta tashi ta je wurin 'yar akuyar ta daɗe tana shafa mata kai. Na ce a raina shi ke nan, na samu. Sai ta dawo, ta ɗauki 'yar tsanar, ta kakkaɓe mata ƙasa, ta ɗora mini a cinya. Ta ce, "Zan bi Mama. Ki tsare mini wannan." Ta leƙa fuskata, ban san abin da ta gani ba, ta dafa mini gwiwa ta ce, "Kada ki yi kuka, Inna. Yanzu zan dawo."

To, kin ji. An tambaye ta, ta ba da amsa. Ina roƙonki ki tafi da 'yarki. Na san za ki sha wuya, ga aiki, ga baƙon gari, ga yarinya a gefe. Amma ajin da aka ba ki na sa'o'inta ne, ki zaunar da ita cikinsu. Gobe in Allah ya kai mu ni da kaina zan je wurin surukarki. Zan ce mata ƙafata ta matsa mini, ba zan iya bin yarinya ba. A ɗora mini laifin, na fi ku iya ɗauka. In kun je can Uwani ta ga ba ta so, ki sake tambayarta, don yaro ma yakan sake shawara kamar babba. In ta ce wurina take so, ki kawo ta da rana tsaka, ki gaya mata ranar da za ki dawo, ki yi mata sallama tana kallonki har ki sha kwana. Kuma iyayen da za su riƙa kawo miki 'ya'yansu da safe, in kin ga uwa tana shirin sulalewa, ki tsayar da ita. Ki ce ta gaya wa ɗanta cewa za ta tafi, da azahar za ta zo, sa'an nan ta zo ɗin.

'Yar tsanar tana kan gadona. Tabarmar na naɗe ta na jingine. Ni babba ce, na san tsawon yanzun da Uwani ta ce. Daga ranar Lahadi ni ce zan riƙa zama a ƙofar gida ina duba duk motar da ta ɓullo daga Malam Madori. Kin yi naki zaman kina shekara uku ba ki san dalili ba. Ni na san dalilin nawa, kuma an yi mini sallama.

Allah ya kai ku lafiya, ya sa ku sauka lafiya. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙon wuri, ya ba ki haƙurin jiran amsar yara, ya raya mini takwarata. Ki gai da maigidanki. Allah ya yi miki albarka, Halimatu.

Ni ce mahaifiyarki.